MANNEWAR MAHAIFA: CUTAR DA KE TSAI DA HAILA, TA HANA HAIHUWA

An shirya wannan darasi domin ungozomomi da ma'aikatan shan magani na karkara, da kuma magidanta da matansu waɗanda su ke neman sanin abin da ya shafi lafiyar iyali.

Dalilan da ke hana samun haihuwa suna da yawa. Waɗansu suna jikin miji, waɗansu suna jikin mata, wani lokaci kuwa a kan same su a jikin su duka biyu. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa kimanin mutum 1 cikin kowane baligai 6 ya kan gamu da wahalar samun haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Cutar da za a yi bayani a kanta a nan ba ta cikin waɗanda a ke yawan gani, amma ta cancanci a san ta, domin galibi hannun mutum ne ke jawo ta, ana iya kauce mata, kuma idan aka gane ta da wuri ana iya gyara ta. Sunanta mannewar mahaifa. A takardun asibiti a kan rubuta ta da sunan Asherman, watau sunan likitan da ya bayyana ta.

1. YADDA MAHAIFA TA KE

Mahaifar macen da ba ta da ciki ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 7 ko 8 ba, watau kamar inci 3. Jikinta tsoka ce mai kauri. A tsakiyarta akwai wani ɗan sarari mai kusurwa uku, bangon gaba da bangon baya suna dab da juna, kamar tafin hannu biyu da aka haɗa. Daga kusurwoyi biyu na sama akwai bututu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ƙwan mace ya ke bi ya iso mahaifa. Kusurwar ƙasa ita ce ta sauko zuwa bakin mahaifa, inda jinin haila ya ke fita, inda kuma maniyyi ya ke shiga.

Cikin wannan sarari lulluɓe ya ke da wata fata mai taushi, mai yawan jini, wadda za a kira shimfiɗar mahaifa. Shimfiɗar nan hawa biyu ce. Hawan sama shi ne ya ke yin kauri kowane wata yana jiran ƙwai. Idan ba a sami ciki ba sai ya saɓule ya fito, shi ne jinin haila. Hawan ƙasa kuwa shi ne saiwa. Ba ya zuba, daga gare shi ne sabuwar shimfiɗa ta ke tofowa bayan kowace haila. Misalinsa kamar ciyawar fadama ne. Ko sau nawa aka yanke ta da lauje za ta sake tofowa, muddin saiwarta tana ƙasa. Amma idan aka sa fartanya aka tuge saiwar, wurin ya zauna fako ke nan.

Shimfiɗar nan tana da wani amfani kuma. Santsinta shi ne ya ke hana bangon gaba da na baya liƙewa da juna.

2. ABIN DA A KE NUFI DA MANNEWA

Idan aka ji wa shimfiɗar mahaifa rauni har ya kai ga saiwa, a bangon gaba da bangon baya a lokaci guda, sai ɗanyen rauni ya kwanta a kan ɗanyen rauni. Sa'ad da su ke warkewa sai su warke tare, tabo ya haɗe su. Wanda ya taɓa ganin yaron da wuta ta ƙone masa hannu, aka naɗe yatsun wuri guda ba tare da an raba su ba, ya san yadda yatsun su kan liƙe. Haka ya ke faruwa a cikin mahaifa.

Tabon ya kan zo iri iri. Wani siriri ne kamar yanar gizo. Wani ya yi kauri ya zama kamar igiyar nama da ta ratsa daga bango zuwa bango. Wani kuwa ya kan shafe sararin mahaifa baki ɗaya, ko ya toshe bakinta. A shekarar 1988 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta kasa cutar mataki uku, watau mai sauƙi, da matsakaiciya, da mai tsanani. Abubuwa uku a ke dubawa wajen kasawa. Na farko, yawan sararin da tabo ya cinye, ko bai kai sulusi ba, ko yana tsakanin sulusi ɗaya da biyu, ko ya wuce sulusi biyu. Na biyu, kaurin tabon. Na uku, yadda hailar macen ta koma.

3. TARIHIN GANO TA

Wani likitan mata na ƙasar Jamus, Hainrik Firic, shi ne ya fara rubuta labarin cutar a shekarar 1894. Ya ga macen da aka kankare wa mahaifa bayan ta haihu, daga baya sararin mahaifarta ya shafe gaba ɗaya. An daɗe ana ɗaukar abin a kan wani tsautsayi da ba safai ya ke aukuwa ba. Sai a shekarar 1948 Likita Yosef Ashaman, wanda ya ke aiki a birnin Tel Abib, ya tara labarin mata da dama waɗanda hailarsu ta tsaya bayan an kankare musu mahaifa, ya nuna cewa cuta ce mai sanadi sananne da alamu sanannu. A shekarar 1950 ya ƙara wani rubutu a kan mannewar da ke aukuwa a can cikin sararin mahaifa. Tun daga nan aka laƙaba wa cutar sunansa.

4. ABUBUWAN DA KE KAWO TA

Babban sanadinta shi ne wankin ciki da ƙarfe. Idan mace ta yi ɓari ciki bai fita duka ba, ko ta haihu guntun mabiyiya ya saura a ciki, lalle ne a fitar da abin da ya rage, in ba haka ba jini ya yi ta zuba ko mahaifa ta ruɓe. Tsohuwar hanyar yin wannan aiki ita ce a buɗa bakin mahaifa, a zura wani ƙarfe mai kama da cokali mai kaifin baki, a kankare bangon. Aikin ya ceci rayukan mata masu yawa. Amma mahaifar da ta ɗauki ciki kwanan nan taushi gare ta ƙwarai, don haka ƙarfen ya kan zarce ya kwashe saiwa ba tare da mai aikin ya sani ba.

A shekarar 1982 waɗansu likitoci biyu na birnin Ƙudus suka bi diddigin labarin mata 1,856 masu wannan cuta. Suka tarar kimanin 9 cikin 10 cutar ta same su ne bayan ciki. Kamar kashi biyu cikin uku na dukkansu an kankare musu mahaifa ne bayan ɓari ko zubar da ciki, kimanin 1 cikin 5 kuwa bayan haihuwa. An kuma lura cewa haɗarin ya fi girma idan aka yi kankarar tsakanin mako na 2 da na 4 bayan haihuwa. Har wa yau, duk sa'ad da aka maimaita wankin ciki haɗarin ƙaruwa ya ke yi, na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu.

A shekarar 2014 likitocin ƙasar Holan suka haɗa sakamakon binciken mata 912 waɗanda aka leƙa mahaifarsu cikin shekara guda bayan sun yi ɓari. Kimanin 19 cikin 100 an same su da tabo, ko da ya ke fiye da rabinsu mai sauƙi ne. Wannan ya nuna cewa ƙaramin tabo ya fi yadda a ke zato yawa, mai tsanani ne ba a cika gani ba.

Akwai waɗansu sanadai kuma. Zubar da ciki a ɓoye, a hannun wanda bai san aiki ba, da kayan da ba a dafa ba, ya kan haɗa rauni da ruɓa wuri guda. Fiɗar da a ke yi wa mahaifa, kamar ta ciro jariri ko ta cire ƙari, ta kan bar tabo a ciki wani lokaci. Ƙwayar tarin fuka ta kan bi jini daga huhu ta sauka a bututun ƙwai da shimfiɗar mahaifa ta cinye su, ko da macen ba ta tari. Irin wannan ya kan sami har budurwar da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, kuma ya fi kowanne wuyar gyara. A ƙasashen da tarin fuka ya ke da yawa, kamar Nijeriya da Indiya, lalle likita ya riƙa tunawa da shi.

Wani abin baƙin ciki shi ne al'adar da ta yaɗu ta cewa idan mace ta daɗe ba ta sami ciki ba, sai a yi mata wankin ciki don a share mahaifa. Wankin ciki ba ya kawo haihuwa. Mace ta kan shiga irin wannan aiki da mahaifa lafiyayya, ta fito da tabon da zai hana ta abin da ta je nema.

5. ALAMUN CUTAR

Alama ta farko ita ce sākewar haila bayan wankin ciki. Macen da ta saba yin kwana 5 tana jini sosai, sai ta ga ya koma kwana 1 ko 2, ɗan ɗigo baƙi-baƙi, ko kuwa ya ɗauke ɗungum. Dalili shi ne shimfiɗar da za ta zuba ta ragu, ko hanyar fita ta toshe.

Alama ta biyu ita ce ciwon mara wata-wata ba tare da jini ba. Wannan ya kan faru idan tabo ya rufe bakin mahaifa alhali akwai sauran shimfiɗa mai rai a sama. Jini ya zuba a ciki ya rasa mafita, mace ta yi ta murƙususu a daidai kwanakin da ta saba haila.

Alama ta uku ita ce rashin ɗaukar ciki. Maniyyi ya kan rasa hanyar wucewa, ko ƙwai ya iso ya rasa wurin kamawa.

Alama ta huɗu ita ce yawan ɓari. Ciki ya shiga, amma ya zauna a wurin da jini bai wadata ba, ko sarari ya yi masa kaɗan, sai ya zube. Idan aka sake wanke cikin da ƙarfe, tabo ya ƙaru, ɓari na gaba ya ƙara kusantowa.

Abin lura shi ne macen da ke da wannan cuta jikinta lafiya lau ya ke. Ƙwanta yana nuna kowane wata yadda ya saba, ƙirjinta ya kan yi nauyi a lokacin da ya saba, ba ta rama, ba ta zazzaɓi. Waɗansu ma hailarsu ba ta sāke ko kaɗan, sai wajen binciken rashin haihuwa a gano tabon.

6. ABUBUWAN DA A KAN RIKITA DA ITA

Ba kowace tsayawar haila ce mannewar mahaifa ba. Ciki shi ne abu na farko da za a bincika. Mai shayarwa ta kan yi watanni ba ta ga jini ba, wannan kuwa ba ciwo ba ne. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku ta kan ɗauke haila, ta dawo bayan an daina. Macen da ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, har nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa, ta riƙa jin kasala da sanyi, ciwonta yana wata ƙaramar halitta ce a gindin ƙwaƙwalwa, kuma gwajin jini ne ya ke nuna shi. Akwai kuma macen da ƙwanta ya ƙare tun kafin shekarunta su kai.

A ƙasar Hausa idan hailar mace ta tsaya bayan ɓari, ciki kuma bai fito ba, a kan ce ciki ne ya kwanta, a zauna ana jiran ya tashi shekara da shekaru. Wannan zato ya kan cinye wa mace shekarunta na haihuwa a banza. Gwajin fitsari da hoton sikanin suna raba gardama a rana guda, domin cikin da ke mahaifa ba ya ɓuya musu. Haka kuma yankan gishiri, wanda a kan yi wa mace don tsayawar haila ko rashin haihuwa, aska ba ta kai wa inda tabon ya ke. Abin da ta kan jawo shi ne zubar jini da yoyon fitsari.

7. YADDA LIKITA YA KE GANE TA

Rabin ganewa yana bakin mace. Likita zai tambayi ciki nawa ta yi, nawa ta haifa, nawa suka zube, sau nawa aka wanke mata ciki, da me aka wanke, ko ta yi zazzaɓi da ɗoyi bayan aikin, da yadda hailarta ta ke kafin aikin da bayansa. Lalle ne mace ta faɗi gaskiya duka, ko da abin da ya faru a ɓoye ne, domin ɗakin likita ɗakin asiri ne.

Bayan an tabbata babu ciki, a kan gwada jini a ga ko sinadaran da ke tafiyar da haila suna daidai. Wani lokaci a kan ba mace ƙwayoyin waɗannan sinadarai na 'yan makonni, sa'an nan a tsayar. Mahaifa lafiyayya za ta zubar da jini bayan 'yan kwanaki. Idan jini bai zo ba, zato ya koma kan mahaifar kanta.

Hoton sikanin ya kan nuna kaurin shimfiɗa, ya kuma nuna jinin da ya taru a ciki idan akwai. Amma shi kaɗai ba ya isa, domin siririn tabo ya kan ɓace masa. Ya fi nuna abu idan aka ɗura ruwan gishiri mai tsabta cikin mahaifa ya buɗa sararin, sa'an nan a ɗauki hoton.

Gwajin da aka fi yi a asibitocin Nijeriya shi ne hoton mahaifa mai ruwan rini, wanda a ke rubuta shi HSG a takardar asibiti. A kan yi shi bayan ɗaukewar haila, wajen kwana na 7 zuwa na 10 daga ranar da jini ya fara. A ɗura wani ruwa ta bakin mahaifa, a ɗauki hoto da na'urar da a ke ɗaukar hoton ƙashi. Inda sarari ya ke ruwan ya cika shi, inda aka manne kuwa sai a ga giɓi mai karkataccen baki. Amfaninsa na biyu shi ne yana nuna ko bututun ƙwai a buɗe su ke. Aibinsa kuwa, kumfar iska ko tsiron nama su kan yi kama da tabo a hoton.

Gwajin da ya fi duka shi ne leƙa mahaifa da madubi. Madubin nan wani siririn bututu ne wanda bai kai kaurin fensir ba, da fitila da kyamara a jikinsa. A zura shi ta bakin mahaifa, ruwa yana buɗa hanya, likita yana kallon cikin mahaifa a allo. Da shi ne a ke ganin inda tabo ya ke, da kaurinsa, da yawan shimfiɗar da ta saura da rai. Idan ana zaton tarin fuka, sai a ɗebi ɗan guntun shimfiɗa a kai ɗakin gwaji, a kuma ɗauki hoton ƙirji.

Lalle ne a gwada maniyyin miji tun da fari. Gwaji ne mai sauƙi mai araha, kuma ba daidai ba ne a yi wa mace aiki a mahaifa alhali ba a san halin da mijinta ya ke ciki ba.

8. YADDA A KE MAGANINTA

Tabo ba ya narkewa da abin sha, ko na asibiti ko na gargajiya. Haka kuma matsi da turare da tsarki da ruwan magani ba su kai gare shi, sai dai su ƙara ƙuna a farji. Maganinsa a raba shi da hannu. Macen da tabonta ƙarami ne, ba ta jin ciwo, ba ta kuma neman haihuwa, ana iya ƙyale ta. Wadda ke neman haihuwa ko ta ke fama da ciwon mara, aikinta mataki huɗu ne.

Mataki na farko, raba tabo. Likita ya shiga da madubi, ya sa wani ɗan ƙaramin almakashi ta jikin madubin, ya riƙa yanke igiyoyin tabo ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, har sarari ya koma kusurwa uku, a ga bakin bututun ƙwai biyu. Ba a tsaga ciki, kuma galibi mace ta kan koma gida ran nan ko kashegari. Likitoci da yawa sun fi son almakashi a kan wuƙar lantarki, don zafin lantarki ya kan ƙone sauran shimfiɗa. Idan mannewar mai tsanani ce, a kan sa wani ya riƙa haska mahaifa da sikanin ta kan mara, don kada a ɓace hanya a huda bango. Inda babu madubi, a kan raba tabon da sandunan buɗa bakin mahaifa, da lalube. Wannan ya kan yi amfani ga tabo mai sauƙi, amma haɗarin hudawa ya fi yawa, kuma ba a sanin abin da aka bari.

Mataki na biyu, hana bango sake haɗuwa. Bayan yanka, ɗanyen rauni ya sake fuskantar ɗanyen rauni, don haka a kan sa wani abu a tsakaninsu. Waɗansu su kan sa ƙaramar robar fitsari ta yara mai balan-balan a baki, a hura ta da ɗan ruwa, a bar ta kwana 7 zuwa 10. Waɗansu su kan sa robar tazarar haihuwa wadda ba ta da tagulla, ta yi wata 2 ko 3. Akwai kuma wani mai kauri da a ke ɗurawa, ya narke da kansa. A shekarar 2003 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin, a Jihar Edo, suka buga sakamakon kwatanta hanyoyi biyu na farko a kan mata 110. Cikin waɗanda aka sa wa balan-balan, kimanin 8 cikin 10 hailarsu ta dawo daidai, cikin waɗanda aka sa wa robar tazara kuwa kimanin 6 cikin 10.

Mataki na uku, taimakon shimfiɗa ta tofo. A kan ba mace ƙwayar sinadarin estirojin na wata 1 ko 2, ko fiye, don saiwar da ta saura ta yaɗu ta rufe inda aka yanka. Wannan ƙwaya ba ta kowa ba ce, likita ne kaɗai zai rubuta ta. Idan tarin fuka ne sanadi, sai an sha maganinsa na wata 6 cur, ba fashi.

Mataki na huɗu, sake dubawa. Bayan 'yan makonni zuwa wata 2 a kan sake leƙa mahaifa, ko a sake hoton ruwan rini. Sabon tabo siriri ne, bakin madubi kaɗai ya kan tsinke shi. Idan aka bar shi ya yi watanni sai ya yi tauri. Macen da ta ƙi komawa ranar da aka sa mata, ta kan ɓata aikin da aka yi mata tun farko.

9. ABIN DA ZA A SA RAI

Sakamako ya rataya ne ga yawan saiwar da ta tsira. A shekarar 1988 waɗansu likitoci biyu na birnin Shikago, a Amurka, suka ba da labarin mata 187 da suka yi wa aiki da madubi. Cikin masu tabo mai sauƙi, kimanin 8 cikin 10 sun ɗauki ciki har ya kai watanninsa. Cikin masu mai tsanani kuwa kimanin 3 cikin 10 ne. Tabo ya kan dawo ga kamar sulusin masu mai sauƙi da matsakaici, da kamar sulusi biyu na masu mai tsanani, don haka waɗansu sai an yi musu aikin sau 2 ko 3. Dawowar haila alama ce mai kyau, amma ba ita ce tabbacin ciki ba.

Idan saiwa ta mutu duka, buɗe sarari ba ya mai da ita. Ko dashen ƙwai da a ke haɗawa a kwalba ba ya kamawa sai da shimfiɗa mai rai. Akwai sababbin dabaru da a ke gwadawa don farfaɗo da shimfiɗa, kamar ɗura wani sashe na jinin macen cikin mahaifa, amma suna matakin gwaji ne. Ya kamata iyali su nemi likita ya faɗa musu matakin cutar tasu a fili kafin su sayar da gona ko dabba.

10. CIKIN DA AKA SAMU BAYAN MAGANI

Irin wannan ciki abin lallaɓawa ne. Inda shimfiɗa ta yi siriri, mabiyiya ta kan kafe ta shige cikin tsokar mahaifa, ta ƙi fita bayan jariri ya fito, jini ya ɓalle. Wannan ya kan kashe mace cikin ɗan lokaci, kuma wani sa'i ba a iya ceton ranta sai an cire mahaifar. Ɓari da haihuwar bakwaini su ma sun fi yawa. Don haka mace ta fara zuwa awo da zarar ta ga ɓatan wata, ta gaya wa ma'aikatan awo aikin da aka yi mata, a duba mazaunin mabiyiya da sikanin. Kada ta haihu a gida, kada kuma ta haihu a ƙaramin asibiti. Wurin haihuwarta shi ne babban asibiti mai ɗakin fiɗa da ma'ajiyar jini, kuma ya kamata dangi su tanadi masu ba da jini tun kafin naƙuda.

11. RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da galibinta daga ƙarfe ta ke. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kankare mahaifa da ƙarfe mai kaifi, a koma ga hanyoyin da suka fi sauƙi. Ɗaya ita ce zuƙe abin da ya rage da wani babban sirinji mai bakin roba. Ta biyu ita ce ƙwayar misofurostol, wadda ke sa mahaifa ta matse ta fitar da ragowar ɓari da kanta, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Wani ɓarin ma ya kan fita duka ba tare da an taɓa mahaifa ba, sikanin ya tabbatar.

Ungozoma ta duba mabiyiya da kyau bayan kowace haihuwa, ta ga ko ta fito cikakkiya, kada kuma ta fizgi cibiya. Idan ta ga giɓi, ta aika da mai jego asibiti ran nan, kada a jira sai bayan suna. Mai jego ko mai ɓari da ta ji zazzaɓi, ko ta ga jini mai ɗoyi, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada a yarda a wanke wa mace ciki a shagon sayar da magani ko a ɗakin wani. Wanda ya yi tari fiye da mako 2 ya je a gwada majinarsa.

Macen da aka wanke wa ciki, ta ga wata 2 ko 3 sun wuce haila ba ta dawo ba alhali ba ta shayarwa, ko ta dawo 'yar kaɗan, ta koma asibiti. Haka ma'auratan da suka shekara guda ba ciki, ko wata 6 idan matar ta haura shekara 35, su je tare. Ƙananan asibitoci su kan tura irin waɗannan mata sashen cututtukan mata na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Mace ta tafi da takardar turawa da duk hotunan da aka taɓa ɗaukar mata.

Maigida yana da babban rabo a wannan sha'ani. Shi ne zai ba da izini da kuɗin mota, shi ne kuma zai tsare matarsa daga gorin dangi da na kishiya. Tabon nan ya same ta ne wajen ɗaukar cikinsa, don haka neman maganinsa nauyi ne da ke wuyansu su biyu.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Hawa nawa ne shimfiɗar mahaifa, wanne ne kuma ba ya sake tofowa idan ya lalace?
2. Me ya sa kankarar mahaifa bayan ɓari ko haihuwa ta fi haɗari?
3. Kawo alamu huɗu na mannewar mahaifa.
4. Waɗanne abubuwa ne kuma su ke tsai da haila ban da wannan cuta?
5. Wane gwaji ne ya fi nuna tabo, don me?
6. Me ya sa a ke sa balan-balan ko roba a mahaifa bayan an raba tabo?
7. A wane irin asibiti ya kamata macen da aka yi wa wannan aiki ta haihu?